Wai injiniya a asibitin koyarwa, bincike yake yi ko gyaran na'ura kawai?

Auwal_Lantarki:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema don Allah. Na gama digirina a injiniyan lantarki, bautar ƙasa ma na kammala watan jiya, to wani malaminmu ya kira ni ya ce in nemi digiri na biyu a fannin injiniyancin kayan asibiti, wai ana aikin bincike ne tsakanin tsangayar injiniya da asibitin koyarwa. Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya ya ce wato shekara biyar ka yi a jami'a don ka koma mai gyaran gadon asibiti da fankar ɗakin haihuwa? Wallahi na rasa amsar da zan ba shi saboda ni kaina ban gane ba. Wane bincike ne injiniya zai yi a asibiti wanda likita ba zai iya ba? Kuma a ƙasar da wuta ma ba ta tsayawa awa huɗu a jere, anya ba ɓata lokaci ba ne?

DanFagge77:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Baba ya fi ka gaskiya, ka nemi aikin sola ka huta, yanzu nan kuɗi yake.

Injiniya_Sabo:
Auwal ka ce wa Baba ya ba ka minti biyar ka ba shi labarin nan, tunda maganar ɗauke wuta ka kawo. A Amurka, asibitin Jami'ar Minnesota, akwai wani likitan tiyatar zuciya Walton Lillehei da yake yi wa yara aikin toshe hujin zuciya. Wasu yaran bayan aiki sai bugun zuciyarsu ya rikice, dole a jona su da na'urar da ke tayar da bugun, ita kuma a lokacin ƙatuwar aba ce ana tura ta a kan keke kuma da soket ɗin bango take aiki. Ranar 31 ga Oktoba 1957 wuta ta ɗauke a garin. Ka ga yaro zuciyarsa na jone da bango, wuta ta tafi. Likitan nan sai ya tare wani mutum Earl Bakken, wanda aikinsa a asibitin shi ne irin wanda Baba yake raina ɗin, gyaran na'urori, shagonsa ma a garejin mota suka buɗe shi a 1949 shi da surukinsa. Ya ce masa ba za ka iya yi mana mai batir ba? Cikin sati huɗu ya haɗa wata 'yar akwati da za a iya rataya wa yaro, tsarin wayoyin ma daga wata mujalla ya ɗauko, na na'urar da makaɗa ke ƙidaya bugun kiɗa da ita. Shagon nan shi ne Medtronic na yau, babban kamfanin ƙera na'urorin asibiti. To likitan ya san matsalar amma bai san taransisto ba, shi kuma mai gyaran ya san taransisto amma da ba ya shiga ɗakin marasa lafiyar kullum ba wanda zai tare shi a baranda ya faɗa masa.

DanFagge77:
Injiniya ai ka faɗa da bakinka, Amurka. Su sau ɗaya aka ɗauke musu wuta suka ƙirƙiro na'ura, mu shekara nawa ana ɗauke mana me muka ƙirƙiro banda "NEPA ta kawo" hhh

Nas_Hauwa:
Ni dai ba injiniya ba ce, nas ce a ɗakin jarirai shekara goma sha ɗaya, bari in faɗa muku abin da idona ya gani. Wani dare cikin sanyi wajen ƙarfe biyu wuta ta ɗauke, janareta kuma sai da aka je aka taso mai kunna shi, muna da bakwaini huɗu a kan na'urar tace iskar oksijin guda ɗaya mun rarraba musu da tiyo, na'urar ta yi ƙara ta mutu, silinda ɗaya ce a ɗakin kuma makullin buɗe ta yana wajen wanda ya tashi aikin yamma. Da fitilar waya muka dinga matsa musu jakar numfashi da hannu ni da abokiyar aikina da wata kaka da muka koya wa a tsaye, minti ashirin da wani abu, hannuna har washegari yana rawa. Allah ya sa duk sun kwana. Amma tun ranar nake cewa da akwai wanda zai zauna ya yi mana lissafin batir ɗin da zai riƙe na'urar nan ko rabin awa ne, ya gwada ya tabbatar, wannan ya fi min duk wani taron ƙara wa juna sani da ake kai mu otal. Auwal ɗana, in irin wannan ne aikin to ka zo, muna nema.

Maman_Hanif:
Allahu akbar. Anti Hauwa Allah ya saka muku da alheri, ɗana na biyu wata bakwai na haife shi, sati uku ya yi a kwalba kuma su biyu aka haɗa a kwalba ɗaya saboda sauran sun lalace an jera su a baranda an rufe da zanin gado. Yanzu yana aji uku.

Malam_Teknisha:
Wannan kwalaben da Maman Hanif ta gani a baranda su ne rayuwata. Shekara sha tara ina sashen gyara na wani asibiti. Ku zo sitonmu ku ga, na'urori na miliyoyi wasu ko ledarsu ba a cire ba. An kawo mana kyautar na'urar ɗumama jarirai daga waje, tasu wutar 110 ce tamu 230, wani ya jona kai tsaye sai hayaƙi. Wata kuma littafin bayaninta da Jamusanci ya zo. Na'urar oksijin kuwa sau da yawa ba abin da ya same ta illa ƙurar hunturu ta toshe soson tace iska na baya, ka cire ka wanke ka shanya ka mayar shi ke nan, amma an riga an rubuta "ta lalace" an tura sito. Saboda haka ni ra'ayina sabanin na Injiniya Sabo ne da girmamawa, mu ba sabon ƙirƙira muke buƙata yanzu ba, a ba mu kayan gyara da horo da kuɗin sayen fiyus. Masu bincike su zo su ɗauki hoto su rubuta takarda su samu ƙarin girma, mu a bar mu da sukundireba ɗaya.

Dr_Bilki:
Malam abin da ka faɗa an ma auna shi. Masu bincike a Jami'ar Duke sun tattara bayanan na'urori sama da 112,000 a asibitocin ƙasashe 16 masu tasowa suka wallafa a 2011, kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin ababen more rayuwa da rashin tsarin kula da su. Amma ka lura shi kansa ƙidayar bincike ne, kuma injiniyoyi ne suka yi shi.

Auwal bari in ba ka misali na kusa da mu wanda na fi sani tunda yara nake dubawa. Bakwaini huhunsa bai gama nuna ba, akwai wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska na huhu manne wa juna, shi bai da isasshe, to duk fitar da numfashi sai jakunkunan su rufe, sai ya sake yin ƙoƙarin buɗe su daga farko, kamar kana hura sabuwar balan-balan kowane daƙiƙa, har ya gaji ya daina. Maganin shi ne CPAP, a dinga tura masa iska ta hanci da ɗan matsi kaɗan da ba ya yankewa. Nau'in mai kumfa kuwa dabarar mai sauƙi ce, ƙarshen tiyon da iska ke fita ana nutsa shi a kwalbar ruwa, in ka nutsa santimita 5 matsin ya zama 5, in 7 ya zama 7, kana ganin kumfa na ɓulɓulowa ka san yana aiki. A lokacin na asibitocin Turai yana kai dala 6,000. Ɗaliban Jami'ar Rice da ke Houston, ƙarƙashin malamansu Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden, suka haɗa nasu da famfon da ake hura wa kifin ado iska a cikin tankin gilashi, suka kai asibitin koyarwa na Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi suka yi aiki da likitocin yara da nas-nas na can, aka sa masa suna Pumani da yaren Chichewa. A gwajin da aka wallafa a 2014, jarirai 62 da aka sa wa na'urar kashi 71 sun rayu, 25 da suka samu oksijin zalla kashi 44 ne suka rayu.

Sadiq_Lissafi:
Dakta ranki ya daɗe ƙaramin gyara. Jarirai 87 ne kacal gaba ɗaya, kuma ba ƙuri'a aka jefa wajen raba su ba, in na'ura tana nan a sa wa jariri in babu ya samu oksijin, to irin wannan ba a cika dogara da lambarsa ɗari bisa ɗari ba. Kuma da aka baza ta asibitocin gundumomi na Malawi ribar ba ta kai ta babban asibitin ba, musamman jariran da jikinsu ya yi sanyi. Ba ina kushe aikin ba ne, amma kar Auwal ya ɗauka na'ura kaɗai ce ta yi.

Dr_Bilki:
Na karɓi gyara Sadiq, kuma wannan ne ma ya sa daga baya suka faɗaɗa shirin ya zama NEST360, ba na'ura ɗaya ba, har da ɗumama jariri da fitilar maganin ciwon shawara da horar da nas da masu gyara irin su Malam. Nijeriya tana ciki tare da Kenya da Tanzaniya da Malawi, jami'o'in Legas da Ibadan suna cikin masu aikin.

Malam_Teknisha:
Legas da Ibadan. To mu fa?

Bn_Usman_Skt:
Malam ai tambayar kenan da munka daɗe muna yi. Ga asibitin koyarwa a Sakkwato, ga na Malam Aminu Kano, ga Shika, ga Maiduguri, kowane da jami'a a bayanshi mai tsangayar injiniya, amma ɗalibin injiniya sai ya ƙare karatu bai taɓa taka asibitin ba sai in zazzaɓi ya kama shi. Ni firojet ɗina na ƙarshe ƙofa ce mai buɗe kanta, tana nan ta yi ƙura a ofishin sashe. Da an ce min je ka ɗakin su Anti Hauwa ka kwana uku ka dawo da matsala guda da ba ƙofa zan yi ba.

Ummu_Sultan:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri, tunda an ambaci shawara. Kakarmu cewa take a fitar da jariri hantsi in idonsa ya yi ɗorawa, haka ne ko camfi ne?

Dr_Bilki:
Ummu Sultan kar a shanya jariri a rana kai tsaye don Allah, fatarsa na ƙonewa, jikinsa ya yi zafi ya bushe, kuma ana zaune ana jiran rana shawarar ta hau ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti a auna. Amma kakarku ba ta yi nisa da gaskiya ba, haske shuɗi ne ke narkar da sinadarin da ke jawo shawarar kuma akwai shi a hasken rana. An ma yi bincike a kai a asibitin haihuwa na Island da ke Legas, likitocin Nijeriya da na Minnesota da masana daga Stanford, suka yi rumfa da wata leda ta musamman irin wadda ake manna wa gilashin taga, tana tare haskoki masu ƙuna da yawancin zafin ta bar shuɗin ya wuce. Jarirai 447, an wallafa a 2015, rumfar ta yi aiki daidai da fitilar asibiti, amma fa da nas a tsaye tana auna zafin jikinsu kowace awa. Zaɓen ledar da auna hasken da ke ratsa ta, wannan aikin injiniya ne tsantsa Auwal.

DanFagge77:
To yanzu dai rana ce ba NEPA a ciki, wannan na yarda da shi.

Barista_Kabir:
Ina so in koma kan labarin Injiniya Sabo saboda akwai abin da ya tsallake. Shi Bakken da kansa ya ba da labarin cewa ya gwada akwatin a kan kare a ɗakin gwaji, washegari da ya dawo asibiti ya tarar an riga an jona wa wata yarinya. Labari ne mai daɗi tunda ya yi kyau, amma da ya kashe ta fa? A lokacin Amurka ba ta da dokar tantance na'urorin asibiti mai ƙarfi, sai 1976 aka yi ta. Mu 'yan Kano ba sai an ba mu labarin gwaji a kan yara ba. 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara wajen 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Har yau ka je wata unguwar ka ce "bincike" ka ga yadda fuska ke canzawa. Don haka duk ɗalibin da ya haɗa abu a ɗakinsa ya sani akwai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, akwai NAFDAC, akwai takardar yarda da za a karanta wa uwa da Hausa ba a miƙa mata Turanci a ce dangwala ba.

Injiniya_Sabo:
Barista magani ne wancan ba na'ura ba, amma na yarda darasin ɗaya ne. Kuma wannan ne dalilin da ya sa nake cewa a asibitin koyarwa ya kamata a yi, inda akwai kwamiti da manyan likitoci da za su ce maka tsaya, ba a shagon Sabon Gari ba.

Nas_Hauwa:
Ƙarin bayani a kan maganar Barista. Mu ma muna haɗa CPAP na gargajiya da robar ruwan sha da tiyon hanci in babu na gaske, yana taimakawa ba ƙarya, da babu gara ba daɗi. Matsalar ita ce oksijin zalla yake turawa ba a gauraya da iska ba, shi kuma oksijin in ya yi wa bakwaini yawa yana lalata jijiyoyin ido, yaro ya rayu amma ya makance. Kullum ina haɗawa gabana na faɗuwa. Abin gauraya iskar nan mai araha shi ne abin da hannuna ba zai iya ƙerawa ba.

Injiniya_Sabo:
Anti ai kin taɓo aikin Farfesa Hippolite Amadi kenan, ɗan Nijeriya ne injiniya a Imperial College ta Landan. Shi ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin gas na NLNG a 2023, dala 100,000, a kan na'urorin numfashin jarirai guda uku, mai taimakon numfashi da mai gauraya oksijin da iska da mai rarraba oksijin ga jarirai da yawa, kuma da sola suke aiki. Malam Teknisha kai ma ka saurara, mutumin nan da farfaɗo da matattun kwalaben jarirai ya fara, a ɗauki gangar jikin tsohuwar a zuba mata sabbin kayan ciki masu sauƙin samu. DanFagge ga amsarka ta ɗazu. Har Nguru ya yi aiki a kan jariran da jikinsu ke zafi da yamma ana zaton cuta ce ana ta ba su magani alhali zafin da ginin ya tara ne tun rana, maganin ya koma gyara fasalin ɗakin.

Malam_Teknisha:
To ka ga ai maganata ce ta fito, daga gyara ya fara. Wanda bai taɓa buɗe cikin matacciyar kwalba ya ga ƙwarin kyankyaso da narkakkiyar waya ba me zai ƙera? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni abin da ke min ciwo in an zo rubuta sunaye a takardar binciken ba a sa na mai gyara, alhali shi ya nuna musu inda matsalar take.

Zee_Kd:
Ba wanda ya yi maganar albashi fa, kuma ina jin abin da Baban Auwal yake nufi kenan a ƙasan ransa. Yayata ta yi irin kwas ɗin nan, shekara biyu tana neman gurbi, a ƙarshe kamfanin da ke sayar da na'urar hoton ciki ne ya ɗauke ta tana zagaya asibitoci tana girkawa da koyar da ma'aikata. Tana samu alhamdulillah amma ba bincike take ba. Kuɗin bincike a nan in ba TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko tallafin waje ba sai aljihunka, kuma wani ɗan sensa da za ka yi oda sai dala ta tashi sau biyu kafin ya iso.

Sadiq_Lissafi:
Gaskiya ne Zee, amma ba kowane bincike ne mai tsada ba. Misali 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan oksijin a jini, haske take harbawa ta cikin fata. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da take nunawa da gwajin jini na ainihi, a cikin waɗanda ta nuna musu 92 zuwa 96, baƙaƙen fata kusan kashi 12 ainihin nasu yana ƙasa da 88, fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Wato tana yi wa mai duhun fata ƙaryar lafiya kusan ninki uku. Yanzu ka duba kasuwarmu cike da masu araha ba wanda ya san a kan wace fata aka gwada su. Ɗalibi ɗaya da likita ɗaya da izinin kwamiti za su iya auna iri biyar a asibiti ɗaya, kuma duniya za ta karanta saboda marasa lafiyar da ake buƙata a nan suke.

Nas_Hauwa:
Ka ƙara da ƙunshi Sadiq. Mai jego ta zo da baƙin ƙunshi har farce, na'urar ta yi ta ƙiftawa ta ƙi ba da lamba, sai mu koma yatsan ƙafa shi ma an yi masa, ƙarshe kunne.

Maman_Hanif:
Hhh Anti wallahi ni ce wannan, kwana biyu kafin naƙuda ta zo min ba shiri aka yi min shi na bikin ƙanwata.

Auwal_Lantarki:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai kai haka ba. Na karanta wa Baba na Injiniya Sabo da na Anti Hauwa bayan isha'i, ya yi shiru sannan ya ce to shi mai garejin nawa ake biyansa kafin ya yi kuɗin, kun ga Zee ta canka. Bai ce eh ba bai ce a'a ba. Malam Teknisha in ba damuwa zan so in zo sashenku in yi ko wata ɗaya ina riƙe muku sukundireba kafin in cike fom, in ga ko zuciyata za ta iya ɗaukar warin asibiti ma tukuna don ni ko allura ba na son gani. Anti Hauwa na'urar oksijin ɗinku wat nawa aka rubuta a bayanta? Ina so in fara lissafin batir ɗin.

Nas_Hauwa:
Sai na shiga aikin dare gobe in duba maka, in ban manta ba mai lita biyar ce.

Malam_Teknisha:
Masu lita biyar yawanci tsakanin 300 ne zuwa 400, amma kar ka yi lissafi da wannan kaɗai ɗana, lokacin da kwamfuresa ke tashi tana jan wuta fiye da haka sosai, inbata ƙarama za ta yanke nan take. Ka turo min saƙo ta gefe. Ka taho da mitarka, tamu an ara tun azumi ba a dawo da ita ba.

DanFagge77:
In ka tashi sayen batir da inbata dai ka neme ni, zan yi maka ragi tunda na jarirai ne. Amma har yanzu ina kan bakana, sola ta fi.